Daga Goyo zuwa Mari: Tarihin Shaƙuwa da Jinyar Mashaya cikin Taro a Ƙasar Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin bin sawunsa shi ne wata tsohuwar tambaya da iyaye suka daɗe suna yi wa kansu, watau me ya sa za a haɗa samari biyu a wuri ɗaya domin a raba su da shaye-shaye, a ba su magani ɗaya da nasiha ɗaya, amma ɗaya ya shiryu, ɗaya ya koma 'yar gidan jiya. Mun zaɓi mu dubi tambayar daga Kaugama, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗejiya a Jihar Jigawa, domin a irin wannan wuri ne ake iya ganin tsohon tsarin reno da sabuwar annobar ƙwaya suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: Bahaushe bai taɓa jinyar mai larurar hali shi kaɗai ba, a cikin taro yake yi. To amma taro ba ya warkar da kowa daidai wa daida, domin kowane majinyaci yana shigowa ne ɗauke da irin shaƙuwar da ya koya tun yana goye. Tarihi ya nuna cewa duk lokacin da aka manta da wannan, sai jinya ta rikiɗe ta koma horo.

2.0 Ma'anar Shaƙuwa da Tarihin Nazarinta

Abin da muke nufi da shaƙuwa a nan shi ne ƙullin da ke tsakanin jariri da mai renonsa, wanda ke sa yaro ya nufi wannan mutum idan ya tsorata ko ya ji ciwo, ya kuma sami ƙarfin halin rarrafawa nesa idan ya san mutumin yana kusa. Wani likitan Ingila, John Bowlby, shi ne ya fara mayar da wannan abu fagen ilimi. A 1944 ya wallafa nazarinsa a kan yara 44 da aka kama da sata, inda ya lura cewa da dama daga cikinsu an raba su da iyayensu mata na tsawon lokaci tun suna ƙanana. A 1951 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan reno da lafiyar hankali, a 1969 kuma ya fitar da juzu'in farko na babban littafinsa a kan shaƙuwa.

Abin lura shi ne, a Afirka aka fara gwada wannan ra'ayi a cikin gidajen mutane. Mary Ainsworth ta zauna a Yuganda a 1954 zuwa 1955 tana ziyartar iyalai a ƙauyukan da ke kewaye da Kampala, tana duban yadda jarirai ke yi da iyayensu mata. Daga wannan aiki, da wanda ta yi daga baya a Baltimo ta Amurka, ta fitar da nau'o'in shaƙuwa uku a 1978. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara na huɗu. Za mu ba su suna da Hausa kamar haka:

(a) Shaƙuwar natsuwa: yaron da ya saba in ya yi kuka a zo, saboda haka ya yarda da mutane, ya kuma yarda da kansa.
(b) Shaƙuwar zullumi: yaron da wani lokaci a kula shi, wani lokaci a share shi, sai ya tashi da naci da tsoron kada a gudu a bar shi.
(c) Shaƙuwar janyewa: yaron da ya ga kuka ba ya kawo kowa, sai ya haɗiye buƙatarsa, ya nuna ba ya neman kowa.
(d) Shaƙuwar ruɗu: yaron da mai ba shi mafaka shi ne kuma abin tsoronsa, ya rasa ko ya nufe shi ko ya guje shi.

A 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna cewa ana samun irin waɗannan halaye a tsakanin manya ma, a sha'anin so da zaman aure. Wannan ya buɗe ƙofar amfani da nazarin a wajen jinyar baligai.

3.0 Goyo da Reno a Gidan Bahaushe

Kafin mu ɗora wannan ma'auni a kan mutanenmu, wajibi ne mu tuna yadda ake reno a gidajen wannan yanki tun kaka da kakanni. Uwa ba ita kaɗai ke goyo ba. Akwai kaka, da abokiyar zama, da gwaggo, da yayye mata, har da 'yar maƙwabta da ke zuwa ɗaukar yaro da hantsi. A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da Sarah LeVine da abokan aikinsu sun wallafa nazari a kan jarirai 18 na Hausawa. Sun tarar kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, amma duk da haka yana da mutum guda da ya fi nufa, kuma ba lalle ba ne mahaifiyarsa ce, sai dai wadda ta fi ɗaukarsa da yi masa wasa. Watau karin maganar nan ta "ɗa na kowa ne" ba faɗar baka ba ce kurum, tsari ne da ya tanadi madadin uwa tun kafin a rasa ta.

Wannan tsari ne ya sa wasu al'adunmu da baƙo zai ɗauka rashin ƙauna ne ba su zama illa ba. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, amma kaka tana nan tana yi masa kirari da tsokana. Idan lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu, akan kai yaro gidan kaka, wurin da ya riga ya sani. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta aka buga a 1954, cike yake da bayanin kunyar ɗan fari da yadda dangi ke ba juna 'ya'ya riƙo. Har ila yau, ƙasar Haɗejiya ta yi suna wajen tsangayu da gwanayen Alƙur'ani. Yaron da aka danƙa wa alaramma yakan sami uba na biyu, ya sami uwar ɗaki a cikin gari, ya tashi daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi a ƙarƙashin idon wanda ya san mahaifinsa.

Ba muna cewa zamanin da babu aibi ba ne. Harshenmu da kansa ya adana sunayen waɗanda tsarin ke iya zubarwa: agola, da maraya, da ɗan bora, da ɗan riƙon da aka mayar bawa. Abin da muke cewa shi ne, muddin gida na cike da hannuwa, da wuya yaro ya rasa wanda zai shaƙu da shi ɗungum.

4.0 Sauyin Zamani da Shigowar Ƙwaya

Gidan nan mai hannuwa da yawa a kan gandu ya dogara, gandu kuwa a kan gona da fadama. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun karya magidanta da yawa a arewacin tsohuwar Jihar Kano, wadda Jigawa ke cikinta har zuwa 27 ga Agusta 1991. Kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ya canza yadda Kogin Haɗejiya ke malala a fadamu. Wasu wuraren ruwa ya ja baya, wasu kuma kachala ta toshe hanyoyinsa, sannan ambaliya irin ta 2020 da 2022 ta riƙa cinye amfanin gona. Cin rani, wanda dā watanni ne tsakanin kaka da damina, ya zama na shekaru ga wasu. Gandu ya rarrabu, kowa ya ja matarsa ya kafa tukunyarsa, mutuwar aure kuma ta riƙa barin yara a hannun wanda bai nemi riƙonsu ba. Tsangaya ma ta sauya inda almajirai suka fi ƙarfin idon malami guda.

A cikin wannan hali ne kayan maye suka yawaita. Ba wai dā babu su ba: an san zaƙami, an san burkutu a wajen waɗanda ba Musulmi ba, kuma tun yarjejeniyar Burasal ta 1890 Turawa suka sa Arewa cikin yankin da aka hana shigar da barasa. Tabar wiwi ta bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har gwamnatin soja ta kafa mata doka mai tsanani a 1966. A shekarun 1970 ƙwayoyin hana gajiya suka shiga hannun 'yan ƙwadago da direbobi, sannan sholisho da gadagi suka biyo baya. A 1989 aka kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa. Bayan shekarar 2010 kuwa tiramadol da maganin tari mai kodin suka mamaye birni da ƙauye, har gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018, bayan wani shirin bincike da BBC ta nuna.

Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3, watau kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. A shiyyar Arewa maso Yamma, wadda Jigawa ke ciki, adadin ya kai kashi 12 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 3. Ɗaya daga cikin kowane mashaya huɗu a ƙasar mace ce.

Shin akwai dangantaka tsakanin raunin reno da wannan annoba? A 2018 Catharine Fairbairn da abokan aikinta sun tattara sakamakon rukunoni 34 na mutanen da aka bi rayuwarsu shekara da shekaru, jimlarsu fiye da 56,000. Sun tarar raunin shaƙuwa yana gabatar shaye-shaye, ba bin bayansa kawai yake yi ba, ko da yake tasirin ba mai girma ba ne. Saboda haka ba za mu ce reno kaɗai ne sanadi ba. Talauci da zaman banza da arhar ƙwaya da abokai duk suna da nasu kaso. Amma wanda bai koyi kai kukansa ga mutum ba, shi ya fi saurin kai shi ga kwalba.

5.0 Taro Iri Uku

Idan muka waiwaya, za mu ga al'ummarmu ta bi matakai uku wajen jinyar mashayi, kuma kowannensu taro ne.

Na farko shi ne taron gida da unguwa. Akan tara baffanni da kawunnai a zaure, a yi wa yaro faɗa, a sa shi a gayya tare da tsararsa, a haɗa shi da malamin da zai ba shi rubutu ya zaunar da shi cikin masu wazifa, ko a yi masa aure. Ƙarfin wannan mataki shi ne, masu yi wa yaro faɗa su ne waɗanda suka goya shi. Rauninsa kuwa, ba ya aiki ga wanda ba shi da irin waɗannan mutane.

Na biyu shi ne gidan mari. Asalinsa horon kangararru ne a wasu makarantun malamai, inda ake sa wa yaro ƙarfe a ƙafa don kada ya gudu. Da ƙwaya ta yawaita, asibitocin masu taɓin hankali kuma suka kasance ƙalilan, irin su na Dawanau a Kano da na Kazaure da na Barnawa a Kaduna, sai iyaye da kansu suka riƙa kai 'ya'yansu waɗannan gidaje suna biyan kuɗi, ba don ƙiyayya ba sai don rashin madafa. A ƙarshen Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. A watan Oktoba aka buɗe wasu a Daura da Katsina da Zariya. Abin da aka gani ya girgiza ƙasa.

Na uku shi ne taron asibiti. Tushensa a waje yana komawa ga Likita Joseph Pratt, wanda ya fara tara masu tarin fuka aji-aji a Bostan a 1905, da kuma ƙungiyar mashayan giya masu sakaya sunansu, wadda Bill Wilson da Likita Bob Smith suka kafa a Akron ta Amurka a 1935. A nan gida kuwa, a 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fito da tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda majinyaci ke sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Lambo ya gane tun a lokacin cewa ba a raba mara lafiya da wanda ya shaƙu da shi. A 1983 asibitin Aro ya buɗe sashe na musamman domin mashaya. Ita kuwa dokar mahaukata da Turawa suka kafa a 1916, aka sabunta a 1958, ba a maye gurbinta ba sai a Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

6.0 Yadda Shaƙuwa ke Bayyana a Zaman Jinya

Jinyar taro ita ce a zaunar da majinyata kamar 8 zuwa 12 da jagora ƙwararre, mako-mako, kowa ya faɗi halin da yake ciki, a saurare shi, a riƙe sirrinsa. Irvin Yalom ya bayyana a 1970 cewa jin kai ɗaya ne daga cikin 'yan taro yana cikin manyan abubuwan da ke kawo waraka. Philip Flores kuma ya kafa hujja a 2004 cewa jarabar maye ita kanta ciwon shaƙuwa ce, watau mutum ya shaƙu da ƙwaya a maimakon mutane, aikin taro kuwa shi ne ya mayar da shi ga mutane.

Mu ƙaddara an buɗe irin wannan zama a wani zaure a Kaugama. Mai natsuwa, wanda ƙila wahalar aikin fadama ce ta kai shi ga tiramadol, zai yi magana daidai, ya karɓi gyara, ya zama ginshiƙin zaman. Mai zullumi shi ne zai riga kowa zuwa, ya fi kowa magana, ya manne wa jagora, amma ranar da jagora ya yi fashi ko ya yabi wani, sai ya ga an yashe shi, daren nan kuma shi ne na haɗari. Mai janyewa zai zauna bakin ƙofa ya ce shi lafiyarsa lau, a kira shi miskili, bayan zama uku a neme shi a rasa. Wani bincike da Christopher Jenkins da Scott Tonigan suka wallafa a 2011 ya nuna masu wannan hali sun fi ƙarancin halartar tarukan ƙungiyar mashayan da muka ambata, kuma ba su cika ɗaukar wanda zai zame musu uban ɗaki a tafiyar ba. Shi kuwa mai ruɗu, yau ya buɗe cikinsa har ya yi kuka, gobe ya zo da faɗa. Andreas Schindler da abokan aikinsa sun tarar a Hambag ta Jamus a 2005 cewa shaƙuwa mai cike da tsoro ita ta fi yawa a tsakanin matasa masu jarabar hodar iblis nau'in hiroyin.

Darasin da ke nan shi ne, ba a yi wa kowa ɗinki da awo ɗaya. Mai zullumi yana buƙatar lokaci tabbatacce da jagoran da ba ya saɓa alkawari. Mai janyewa yana buƙatar a fara da shi ta hanyar aiki da darasi mai tsari, ba a titsiye shi ya tona cikinsa ranar farko ba. Mai ruɗu kuwa sau da yawa sai an fara ganinsa shi kaɗai kafin a shigar da shi cikin mutane.

Da wannan ma'auni za mu fahimci abin da ya kayar da gidan mari. Ya tara jama'a, amma ya haɗa mai ba da abinci da mai riƙe bulala a jikin mutum guda, wanda shi ne ainihin yanayin da ke haifar da shaƙuwar ruɗu. Ya tabbatar wa mai zullumi cewa iyayensa sun yar da shi, ya tabbatar wa mai janyewa cewa mutane ba abin yarda ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mari yana iya raba jiki da ƙwaya na watanni, amma ranar da aka kwance shi, dalilin shan yana nan inda aka bar shi.

7.0 Gargaɗi ga Masu Aro

Wajibi ne mu ja kunnen kanmu a kan abu biyu. Na ɗaya, mafi yawan binciken da muka ambata a Turai da Amurka aka yi shi. Saurayin Kaugama da ya sunkuyar da kai ya yi shiru a gaban babba ba lalle mai janyewa ba ne, ƙila kunya ce da kara, waɗanda tarbiyya ce. Jagoran da bai bambanta su ba zai ɗora wa mai lafiya ciwo. Maganin wannan shi ne a haɗa tsara da tsara, a ware zaman mata daban da jagora mace, kuma kada a zaunar da mutum da surukinsa ko wanda yake jin nauyinsa. Na biyu, tambayar "yaya kake da mahaifiyarka?" ba ta isa ba a gidan da hannu huɗu suka yi goyo. Tambayar da ta dace ita ce, "wa ya rene ka, wa kake nufa in abu ya dame ka?" Amsar tana iya zama kaka, ko gwaggo, ko alaramma, ko uwar ɗaki. Wannan mutum, in yana raye, shi ya kamata a jawo cikin jinyar, kamar yadda Lambo ya yi a Aro.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda gidan Bahaushe ya tanadi hannuwa da yawa domin reno, da yadda fari da cin rani da rushewar gandu suka rage su, da yadda ƙwaya ta cike gurbin ga wasu. Mun kuma ga cewa rufe gidajen mari a 2019 bai amsa tambayar uban da ke da ɗa mashayi a Kaugama ba, domin har yanzu yana buƙatar wurin da zai kai shi. Shawararmu ga hukumomin lafiya da masarauta da malaman tsangaya da kwalejojin horon malamai ita ce, a horar da jagororin jinyar taro daga cikin mutanen yankin, a kafa zaman kusa da gida tare da kulawar likita, a kuma koya musu gane irin shaƙuwar da kowane majinyaci ya zo da ita kafin su yanke masa hukuncin taurin kai. Masana sun tabbatar cewa salon shaƙuwa yana iya sauyawa idan mutum ya daɗe tare da wanda ba ya cin amanarsa. Magabatanmu sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.